Ranar da Mudi Ya Sa Babbar Riga

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Funtua ya san rumfar Mudi, ko da bai san sunan mai ita ba. Ita ce ta kusa da masu faci, wadda rufinta ya karkata gefe guda kamar hular ɗan kamasho. A ciki za ka tarar da shi kan kujera 'yar tsugunno, tukunyar shinkafa a dama, ta farfesu a hagu, da tsohon tawul a kafaɗa. Ya haura sittin. Gwiwoyinsa sun daɗe da daina yi masa biyayya, hayaƙi ya cinye masa idanu, haƙoran gaba kuma sun yi sallama ɗaya bayan ɗaya ba tare da an yi faɗa ba. Hannunsa ne kawai bai tsufa ba. In zai miƙo maka kwano, sai wuyan hannun ya karye a hankali, kamar mai miƙa wa amarya turare. Mudi ɗan daudu ne. Duk tasha an sani, an yi tsegumin har an gaji, yanzu abin da ya rage a bakin direbobi shi ne ko farfesu ya nuna.

A Mahuta aka haife shi, gidan manoma. Mahaifinsa ya yi iyakar ƙoƙarinsa a kansa, a gaskiya. Ya ba shi garma, kunyar ta fito a karkace kamar sawun maciji. Ya tura shi kiwo, awaki suka dawo gida kafin shi. Amma ranar da uwarsa ta kwanta zazzaɓi ya tuƙa tuwon dare, sai gidan ya yi tsit, ana ci ana satar kallon juna, domin ba a taɓa cin tuwo mai laushin wannan ba a gidan, kuma ba wanda yake so ya faɗa. Daga nan zaman gida ya fara yi masa wuya. Wata kaka ya hau bayan motar auduga, bai yi wa kowa sallama ba, kuma bai ji an biyo sawu ba.

Funtuar da ya sauka a lokacin gari ne na auduga. Injinan gurza suna aiki dare da rana, manyan motoci suna kwana a layi, duk wanda ya iya dafa abu ba ya rasa mai ci. A bayan tasha ya tsaya yana kallon wata rumfa inda ake suyar funkaso, har mai rumfar ya ɗago.

"Ke, daga ina?"

Mudi ya waiwaya ya ga wa ake kira. Ba kowa a bayansa.

"Ke dai da nake kallo. Zo ki riƙe mini matankaɗin nan, kin tsaya kamar an dasa ki."

Wannan shi ne Tsohuwa, babban 'yan daudun bayan tasha, ƙaton mutum mai furfura, wanda in ya kwana biyu bai yi aski ba gemu yake fitowa kamar na kowa. A tsakaninsu da sunan mata suke kiran juna, da "ke" da "ki", kuma a ranar Tsohuwa ya raɗa wa Mudi Shafa'atu, ba rago ba goro. A wurinsa Mudi ya koyi farfesu: yadda ake soya kimba kafin a daka, inda ake tsayawa da masoro, da yadda ake yi wa direban da ya zo da raini magana ɗaya ya tafi yana dariyar kansa.

A wurinsa kuma ya san ƙarashe.

Akwai wani otal a can gefen gari, na wani Bayerabe mai suna Lamidi, haifaffen Funtua, wanda Hausarsa ta fi ta Mudi gishiri. Tsakar dare Lamidi yakan kori mashaya, ya kulle ƙofar gaba, ya kashe fitilar waje, duk mai wucewa ya ga an tashi. Sai a buɗe 'yar ƙofar baya, ta wajen da ake tara kwalabe. Ta nan ake shiga wani fili mai daɓen siminti da katanga doguwa da bishiyar mangwaro guda. Abin da ake yi a filin nan daga tsakar dare zuwa kiran assalatu shi suke kira ƙarashe, wato abin da ya rage na dare bayan kowa ya ci nasa.

'Yan daudu sukan zo da ƙunshin kaya a hammata, su shiga ɗakin ajiya su fito da zani ɗaure a ƙirji, da gwaggwaro, da kwalli har kunne. Sauran kuwa mutanen gari ne da rana ba za ka taɓa zato ba: malamin firamare, direban tanka, tela, akawu, wani ma mai unguwarsu yana tashi tsaye in ya gan shi. Lamidi yana da rikoda mai cin batir kamar jaki da dusa. In kaset ya naɗe, sai a zaro shi a juya da biro, masu rawa suna tsaye da hannu a ƙugu suna zagin rikodar da uwar da ta haife ta. Wani dare a samu mai kalangu da ya taso daga biki, a toshe masa baki da farfesu, a ce ya kaɗa a hankali. Kiɗan kalangu a hankali abu ne da Mudi bai sake ji a ko'ina ba.

Ya iya rawa a lokacin. In ana maganar yanzu yakan shafa gwiwa ya ce ai a filin Lamidi ya bar su, ya manta bai ɗauko ba.

Doka ɗaya ce a ƙarashe, kuma Tsohuwa ne yake karanta wa duk sabon zuwa ita a bakin ƙofa: wanda ka sani a nan, da rana ba ka san shi ba. In kun haɗu a kasuwa ba musabaha, ba kiran suna, ba tambayar iyali. Ba a tambayar mutum gidansu ko sunan ubansa. In ladan ya yi gyaran murya, a wanke kwalli a bakin rijiya, a fita ɗai-ɗai, kowa ya bi lungunsa. "Mu an riga an san mu," in ji Tsohuwa, "ba abin da za a rage mana. Su kuwa suna da abin da za a ƙwace musu. Wadda ta ga ba za ta iya riƙe bakinta da rana ba, ta kwana a gida."

A filin nan Mudi ya haɗu da Maharazu, wani mai awon auduga daga Ƙarfi, dogo, mai kunya, wanda Allah bai ba shi rawa ko ta ƙwayar gero ba. Sau ɗaya aka ja shi fili, ya yi ta ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata, Tsohuwa ya ce a mayar da shi kafin ya taka wani. Tun daga nan wurinsa akwatin kwalabe ne a gindin mangwaro. Yana zaune, takalman Mudi a gabansa yana gadi, kwanon farfesu a cinya. In Mudi ya gaji ya zo ya zube kusa da shi yana haki, sai Maharazu ya share kwanon da yatsa ya ce, "Shafa, barkono ya yi yawa."

"Shi ya sa ka bar mini kwanon kamar an wanke."

"Don kada a zubar ne."

Mutane suna da sunaye da yawa ga abin da ke tsakanin mutum biyun nan, yawanci ba sa faɗuwa a gaban yara. Mudi dai bai taɓa sa masa suna ba. Abin da ya sani shi ne, in asuba ta yi Maharazu yakan ɗora tukunyar farfesu a bayan babur ɗinsa ya kai ta har kwanar tasha, ya ajiye a inda hasken fitila bai kai ba, ya wuce. Shekara da shekaru haka.

Sai aka zo shekarar da aka rufe otal-otal da gidajen giya a jihar. Lamidi ya sayar da wurin ya koma sayar da kayan gini, filin ya zama rumbun buhunan masara, aka sare mangwaron don mota ta samu wurin juyawa. 'Yan ƙarashe suka watse. Wasu suka yi Abuja, wasu suka bi jirgin alhazai ba su dawo ba, wasu suka tsayar da gemu suka koma sahun gaba, kuma Mudi bai taɓa ganin laifinsu ba. Tsohuwa ya rasu a ɗakin haya, mutanen da suka sallace shi ba su cika sahu biyu ba. Auduga ma ta ja baya, masara ta karɓi gari. Daga baya har daren kansa aka rasa, domin yanzu in magariba ta yi ba mai son hanya, kowa yana gida yana sauraron ko karnuka za su yi haushi.

Maharazu ya koma harkar hatsi, ya yi aure tun tuni, ya je Makka, ya zama Alhaji. Amma duk ranar kasuwar Funtua, in ya gama da 'yan dako, sai ya zo rumfar Mudi ya zauna a ƙarshen benci. "Mai abinci, a zuba farfesu." Ya ci shiru, yana kallon titi. In ya gama ya ce barkono ya yi yawa, Mudi ya ce to Alhaji, za a gyara. Ba a taɓa gyarawa ba. Tsohuwa yana kabari, filin ya zama rumbu, ba wanda ya rage da zai kama su da laifin karya doka, amma su biyun suka ci gaba da riƙonta kamar an ba su ajiya. Hannun Maharazu bai taɓa shiga na Mudi da rana ba, kuma bakinsa bai taɓa furta sunan Mudi na yanka ba.

Bana da damina, ranar kasuwa ta zo ƙarshen benci ba kowa. Ta sake zagayowa, haka. Mudi ya riƙa rage farfesu a gindin tukunya har la'asar, sannan ya ba masu faci. Ba shi da wanda zai tambaya, domin tambayar ma karya doka ce. A bakin wani direban motar Malumfashi ya tsinci labarin, ana hirar tsadar taki: ai Alhaji Maharazu na Ƙarfi ya faɗi a gona, hawan jini, ɓarin jiki ya shanye, an dawo da shi daga asibiti an ce a ci gaba da addu'a.

Mudi ya ci gaba da zuba wa direban miya har ta malalo a kan shinkafa.

Kwana ya yi yana juyi. Abin da yake so bai da yawa: ya ga mutumin nan da idonsa kafin a ce babu shi. Amma ɗan daudu ya tsaya a ƙofar gidan Alhaji a ƙauye, da rana tsaka, a gaban 'ya'ya da maƙwabta, ai ya kai wa marar lafiya wani ciwon ne a kan wanda yake fama da shi. Kafin asuba ya samo dabara, kuma ya ji daɗin dabarar ƙwarai. Zai je a matsayin namiji sosai, irin wanda ba a tambaya.

Yana da babbar riga guda, shuɗiya, da ya ɗinka don sadakar arba'in ta mahaifinsa, wadda a ƙarshe bai je ba. Ya ciro ta daga ƙasan akwati, aka sa mata sitati aka goge har tana iya tsayuwa ita kaɗai. Ya ari hula zanna a wurin mai faci. Ya dafa farfesun kaza tun da duhu ya zuba a kula. Da ya biyo ta tasha don ya bar rumfa a hannun Bushra, bazawarar da suke aikin tare, sai ta ajiye ludayi ta zagaya shi tana kallo.

"Yaya Shafa, takara za ka tsaya?"

"Dubiya za ni. Kuma yau sunana Alhaji."

"To Alhaji, sauke hannun daga ƙugu."

Ya sauke.

"Ka kuma daina tattare rigar kamar zani. Saɓa ta ake yi a kafaɗa. Yi magana in ji."

Mudi ya kumbura wuya ya yi sallama da wata murya da ya tono daga cikin ciki. Bushra ta riƙe bakinta da gefen hijabi, kafaɗunta suna rawa.

"Kamar an taka kwaɗo. Amma je ka, Allah ya ba shi lafiya, ko wane ne."

A mota aka ba shi gaba saboda rigar, abin da bai taɓa samu ba a rayuwarsa. Ya zauna a sandare, kula a cinya, ana wuce gonakin masara da ta yi kai, kore shar har inda ido ya tsaya. Sai da ya sauka a Ƙarfi ya tuna bai san gidan ba. Mutumin da ya san yadda yake tari, da yadda yake cire hula ya sosa ƙeya in yana jin kunya, bai san ta wace kusurwa ƙofar gidansa take kallo ba. Ya tambayi wani mai shayi da muryar kwaɗon nan, aka nuna masa wani gida mai shagon hatsi a jiki.

A zaure ya tarar da tabarmi da buta da mutum uku 'yan dubiya suna shirin tafiya. Wani magidanci mai kama da Maharazu sak, har tsawon wuyan, ya taso ya karɓe shi hannu biyu. Shi ne Abdulrahman, babban ɗan gidan. Aka gaisa, aka jajanta, aka kawo ruwa. Mudi yana amsawa a gajarce don kada muryar ta zame.

"Alhaji daga ina?"

"Funtua. Abokin harka ne. Ta hatsi."

"Allah sarki. An gode ƙwarai, Allah ya ba da lada. Zan gaya masa ka zo."

"Ba dama a gan shi?"

Abdulrahman ya sunkuyar da kai cikin ladabi. "Ai da yana nan zaure, to sanyin damina ya sa aka mayar da shi ciki, ɗakin Hajiya. Ka san cikin gida, ga matanmu ga 'yan mata. Ko 'yan'uwansa maza daga nan suke juyawa. Sai dai haƙuri, Alhaji."

Mudi ya dubi labulen buhu da ya raba zaure da tsakar gida. Tun yana saurayi yake shiga gidajen aure a Funtua, ya yi girkin biki, ya yi na suna, ya zauna a tsakiyar mata ana tankaɗe ana gulma, ba mai gidan da ya taɓa ɗaga kai, domin a idonsu shi ba namijin da ake yi wa labule ba ne. Yau ya sa sitati, ya ari hula, ya zama mutum, ga shi an tsayar da shi a zaure da dukkan girmamawa. Gajiya ta sauko masa gaba ɗaya, ta hanya da ta rashin barci da wata wadda ta girme su. Ya tura kular gaba.

"To a shigar masa da wannan."

Aka shiga da ita. Mudi ya fara laluben takalmi. Bai kai ga sa na biyu ba ya ji muryar mace daga bayan labule, murya ta tsohuwar da ta saba a ji maganarta.

"Abdulrahman, wa ya kawo abincin nan?"

"Wani Alhaji ne daga Funtua, Hajiya."

"Alhaji." Aka ji an buɗe murfin kular. "Ka tambaye shi, shi da ya zo dubiya, bai san mai hawan jini ba ya cin gishiri ba? Wannan ai kisa ne a kula."

Shekara arba'in ana gaya wa Mudi barkono ya yi yawa yana haƙuri, domin mutum ɗaya ne yake faɗa. Amma gishiri ba a taɓa yi masa ƙazafinsa ba. Kafin ya tuna da rigar da ke jikinsa, ya tafa hannu, ɗaya ya tafi ƙugu, muryarsa ta gaskiya ta fito siririya tas.

"A'a, Hajiya, a dai ɗanɗana kafin a yanke hukunci. Ni da hannuna na hana shi gishiri, daddawa ce kawai da kimba. Ni za a koya wa girkin marar lafiya?"

'Yan dubiyar nan uku da suka kai bakin ƙofa suka tsaya da takalma a hannu. Abdulrahman ya dubi hular, ya dubi hannun da ke ƙugu, fuskarsa ta rasa inda za ta zauna. Mudi ya sauke hannun a hankali, amma an riga an gani. Abin da ya kwana yana gudu ya faru, kuma shi ya kawo shi da ƙafarsa, a cikin sitati.

Labulen ya ɗaga. Hajiya Kulu, matar Maharazu, gajeruwa ce mai ƙiba, da tabarau da carbi a wuyan hannu. Ta dube shi daga hula har takalmi ɗaya.

"Kai ne mai farfesun tasha."

"Ni ne, Hajiya."

"Tun ina amarya nake wanke ƙamshin nan a rigunansa. Na yi ta gwadawa a tukunyata, bai taɓa fitowa daidai ba." Ta juya ga ɗanta. "Mai abincin babanku ne na Funtua. Irinsu ai ba a yi musu labule. Shigo da shi."

"Hajiya, mutane..."

"Mutanen sun ba shi abinci ya ci? Kwana nawa ina fama da shi a kan cokali ɗaya na kunu?" Ta saki labulen, muryarta ta biyo baya. "Kuma a cire hular nan, ba tasa ba ce."

Maharazu yana kwance a kan katifa a ƙasa, an jingina shi da matasai kusa da taga. Ya zube ƙwarai. Gefen bakinsa na dama ya sauka, hannun dama yana ajiye a kan bargo kamar na wani aka ba shi riƙo. Rana ta shigo ta tagar har kan ƙirjinsa. Da ya ga wanda ya shigo, idonsa ya tsaya, sannan ya kawar da kai ya dubi bango, daidai yadda yake kallon titi a ƙarshen benci. Mudi ya gane. Rana ce, ga iyali. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, gwiwoyi suna ƙara.

"Sannu, Alhaji. Ya jiki? Allah ya sa kaffara ne."

Maharazu ya ci gaba da kallon bango. Hajiya Kulu ta zuba romo a ƙaramin kwano ta miƙa wa Mudi cokali. "Ni ya ƙi karɓa a hannuna. Gwada naka." Ta zauna a bakin gado ta ja carbinta, Abdulrahman yana tsaye a ƙofa ya harɗe hannu.

Mudi ya matsa. Rigar ta yi ƙara kamar ana taka busasshen kara. Wannan ƙarar ce ta sa Maharazu ya juyo, ya dubi shuɗin yadin da ya cika rabin ɗaki, da aikin wuyan da ya karkace, da ɗan kan Mudi mai sanƙo a tsakiya kamar an ɗora ƙwai a kan tanti. Ɓarin fuskarsa mai rai ya fara motsi. Wani sauti ya fito, Abdulrahman ya zabura yana zaton shaƙewa ce. Dariya ce. Rabin dariya, da hawaye a ido ɗaya.

"Yi abinka," in ji Mudi ƙasa-ƙasa. "Ni ma ban san wanda ya aike ni ba. Buɗe bakin."

Ya karɓi cokali ɗaya, rabi ya zubo, Mudi ya goge da gefen babbar rigar ba tare da ya duba ba. Ya karɓi na biyu. Suka yi ta yi a hankali har romon ya sauka sosai. Can Maharazu ya motsa baki, harshen yana yi masa nauyi. Sai da ya maimaita aka ji.

"Barkono."

"Ya yi yawa, na sani. Za a gyara."

"Baba, ka san shi sosai ne?" in ji Abdulrahman daga ƙofa.

Maharazu bai dubi ɗansa ba. Ya zaro hannun hagu daga ƙarƙashin bargo, ya miƙa wa Mudi. Mudi ya dubi hannun, ya dubi tagar da rana take shigowa, ya rasa inda zai ajiye cokali. Hajiya Kulu ta miƙo hannu ta karɓa.

"Mudi," in ji Maharazu. Sunan ya fito a karkace amma duka. "Yi haƙuri. Hagu ce."

Mudi ya riƙe ta da hannu biyu. Tana da sanyi, ba nauyi. Sai ya ce a riƙa ɗumama romon kaɗan-kaɗan, kada a tafasa.

Bai daɗe ba, saboda hanya. Hajiya Kulu ta ce ya bar kular, in ya sake zuwa ya ɗauka, kuma ya zo da kayansa na kullum, wannan rigar tana tsorata kaji. Abdulrahman ya raka shi bakin titi, bai ba shi hannu ba, amma ya tsaya har mota ta zo.

Wannan karon baya aka tura shi, tsakanin buhun barkono da wata mata mai goyo, domin rigar ta yamutse, ga maiƙon romo a hannunta, hular kuma tana aljihu. Kafin a kai Bakori barci ya ɗauke shi, kansa yana bugun gilashi. Da ya iso tasha Bushra tana kankare tukunya.

"Alhaji an dawo? Ya mai jiki?"

"Ya ci abinci."

Ya tuɓe rigar ya rataye a ƙusa, ya mayar wa mai faci hularsa, ya ɗauki tawul ya saɓa. Ya zauna a kujerarsa yana shafa gwiwa, yana kallon ƙarshen benci. Can ya ce wa Bushra gobe in mai kaji ya zo ta tsayar da shi, a zaɓi ƙarama mai taushi.